Badujalar Unguwa a Amurka: Yadda Gasa Ta Raba Ta da Masu Ita

Duk wanda ya tashi kusa da bariki ya san amon begila da gangar fareti, wato abin da Bahaushe ke kira badujala. Mu ta hannun soja ta iso mana, musamman bayan kafa rundunar Turawan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma a 1897. A Amurka ma daga soja ta fito, sai dai can ta bar bariki ta shiga unguwa, ta zama dukiyar 'ya'yan talakawa. Yadda ta shiga da yadda ta fita shi ne abin da za mu duba.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sojojin Amurka suka koma gida da sha'awar fareti a ransu. A 1919 suka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya mai suna American Legion, ga kuma wata da ta girme ta, wadda ake kira VFW. Rassan waɗannan ƙungiyoyi suka riƙa haɗa 'yan ganga da begila domin bukukuwan tunawa da mamatansu. Kayan ba su da tsada, kuma begilar wancan lokaci ba ta da madanni ko ɗaya, sautukan da take fitarwa 'yan kaɗan ne, saboda haka yaron da bai taɓa karatun kiɗa ba yana iya koyonta da kunne.

Wannan sauƙi shi ya jawo majami'u da 'yan sikawut, domin sun ga hanyar raba yara da zaman banza. A 1927 aka kafa Racine Scouts a jihar Wisconsin. A 1934 wata majami'ar Katolika a garin Garfield na jihar New Jersey ta kafa Holy Name Cadets. Madison Scouts ta biyo baya a 1938, sai Cavaliers ta Shikago a 1948. Yaran duk 'yan unguwa ne, iyaye ke tara kuɗin kayan sawa, tsofaffin sojoji ke koyar da tafiya. Ranar fareti kuwa gari ne ke fitowa kallon 'ya'yansa.

To, amma alƙalancin gasa yana hannun 'yan mazan jiya, su kuwa da idon soja suke kallo. Layi ya karkace a rage maki, maɓalli ya kwance a rage maki. Malaman kiɗa suka ga an ɗaure musu hannu, ga kuɗin da ake ba waɗanda suka ci bai taka kara ya karya ba. A 1971 ƙungiyoyi 13 suka ɓalle suka kafa hukumarsu, Drum Corps International. A 1972 suka yi gasarsu ta farko a Whitewater ta jihar Wisconsin, inda Anaheim Kingsmen ta Kalifoniya ta ɗauki kambi.

Babu mai musun cewa kiɗan ya ƙara daɗi bayan nan. Begila ta sami madanni uku a 1990, a 2000 aka buɗe ƙofa ga ƙahonin da makaɗan zamani ke busawa, a 2004 aka yarda da lasifika. Sai dai kowane ci gaba da kuɗinsa ya zo. Neman kambi ya zama yawon makonni cikin motocin safa daga jiha zuwa jiha, man fetur kuma ya yi tsada tun daga 1973. A daidai lokacin 'yan mazan jiya suka tsufa, iyalai suka ƙaura zuwa bayan gari, majami'un cikin birni suka rasa mabiya. Ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga ɗaruruwa suka koma 'yan gomiya.

Manyan da suka rage yanzu tantance ƙwararrun matasa suke yi daga ko'ina cikin ƙasar har da ƙetare, kuma kowane yaro sai ya biya dubban daloli kafin ya shiga sahu. Yaron unguwa mai koyo da kunne ba shi da wuri. Girma ma bai hana faɗuwa ba, domin Cadets, wadda ta rabu da majami'arta tun 1958 kuma ta ci kambi sau 10, ta durƙushe a 2024 saboda matsalar kuɗi da shari'a.

Mai karatu, su 'yan mazan jiya da limaman majami'u ba gwanayen kiɗa suka nufa su fitar ba. Burinsu yaro ya sami inda zai je da yamma, ya koyi zuwa a kan lokaci da tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Gasa ta samar da gwanaye, amma wancan yaron shi aka bari a baya. Duk ƙungiyar da aka kafa domin masu tasowa, ta marubuta ce ko ta makaɗa, ya kamata ta riƙa tambayar kanta ko sabon shiga yana da mazauni a cikinta har yanzu. Allah ya sa mu dace.