Ɗaukar Hoton Dusasshen Hasken Galaksi Daga Sabon Ibadan: Abin da Lissafi Ya Yarda da Abin da Ya Hana

Tsakure

Maƙalar ta auna yiwuwar mai sha'awar taurari ya ɗauki hoton sassa mafi dusashewa na galaksi daga Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. An bi hanyar lissafi ne: matsayin garin a doron ƙasa, dokar tara haske a kyamara, da yanayin damina da hunturu, sannan aka gwama da ayyukan da aka riga aka buga. Sakamakon ya nuna cewa jelar taurari da ke kewaye galaksi ta fi ƙarfin rufin bene a Sabo, amma gajimaren iska mai haske yana kamuwa idan aka sa matata, kuma aka raba sa'o'in aikin tsakanin mutane da yawa.

Gabatarwa

A shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya ambaci wani ɗan gajimare a littafinsa na siffofin taurari. Wannan gajimaren shi ne Andromeda, galaksi mai biliyoyin taurari wadda haskenta yake shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu. Da ido tsirara ya gan ta. Hoton farko da ya fito da murɗaɗɗiyar siffarta ya zo ne a 1888 daga hannun Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine da ke zaune kusa da Libaful, wanda sha'awa kawai ta kai shi wannan fanni. Tun daga lokacin masu sha'awa ba su bar fagen ba. A 2010 David Martínez-Delgado da abokan aikinsa, ciki har da mai sha'awa R. Jay GaBany, suka buga hotunan jelar taurari a gefen galaksi da dama, waɗanda aka ɗauka da ƙananan madubban hangen nesa. A Janairun 2023 kuma Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty suka sanar da wani bakan iskar oksijin a gefen Andromeda, tsawonsa ya kai faɗin wata uku a jere, a wurin da manyan cibiyoyi suka shekara ɗari suna kallo ba su lura da shi ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a kallon sama. Yana da Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, malamansa suna ƙidaya manzilolin wata 28, kuma tun 1967 Mervyn Hiskett ya nazarci yadda kalandar taurari ta Larabawa ta shiga waƙoƙin Hausa. Tambayar wannan maƙala ƙarama ce: idan matashi a Sabo ya sami kyamara da ɗan madubi ya hau bene bayan isha'i, me zai iya kamawa?

Wurin nazari

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka ware wa Hausawan Ibadan unguwarsu, a bayan gari a wancan zamani. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 ya buga littafinsa a 1969, ya nuna cewa ƙashin bayan Sabo shi ne fataucin shanu daga Arewa da na goro daga Kudu, a hannun masu gida da dillalansu, bisa amana da bashi. Yau gari ya haɗiye unguwar. Mokola na gefe guda da gadar samanta, filin wasa na Adamasingba na wani gefen, kuma Sabo kanta ba ta kwanciya da wuri: masu tsire, masu shayi da shaguna duk da fitilarsu, wuta ta tafi janareta ya karɓa.

Ta fuskar matsayi kuwa, Ibadan ta yi sa'a. Tana kan digiri 7.4 arewa da layin da ya raba duniya, don haka tana ganin sararin arewa duka da mafi yawan na kudu. Andromeda tana hawa har digiri 56 daga gaɓar sama. Galaksin Centaurus A, wadda mutumin Landan ba ya ganinta ko kaɗan, tana kai wajen digiri 40. Galaksin M83 tana kai 53, tsakiyar galaksinmu ma haka. Babban Gajimaren Majalan yana leƙowa da digiri 13 kacal, ƙasa-ƙasa cikin hayaƙin gari, don haka an cire shi daga lissafi.

Lissafin haske

Masana suna auna hasken shimfiɗar sama da magnitud a kowane murabba'in daƙiƙar kusurwa. Ma'aunin a juye yake: adadi mai girma shi ne duhu, kuma taki ɗaya yana nufin ninki 2.5. Sama mafi duhu a doron ƙasa tana wajen 22. Tsakiyar babban birni tana tsakanin 17 da 19. Jelar taurarin da ake nema, wato ragowar ƙananan galaksi da babba ta yayyaga ta haɗiye, tana wajen 27 zuwa 29. Jela mai 28.5 ta fi sama mafi duhu dusashewa sau 400.

Abin da ya sa take kamuwa duk da haka shi ne haske yana taruwa. Mai hoto yakan ɗauki ɗaruruwan hotuna na minti biyu ko biyar, madubinsa na kan ƙafa mai inji da ke bin juyawar sama, sannan ya ɗora su kan juna a kwamfuta. Hasken abin da ake nema yana ƙaruwa daidai da lokaci, tsaki-tsakin hoton kuwa yana ƙaruwa ne da tushen murabba'in lokacin. Wanda yake son tsaftar hotonsa ta ninka biyu sai ya ninka sa'o'insa huɗu. Idan kuma hasken sama ne ya rinjayi tsakin, lokacin da ake bukata yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hasken saman.

Mu ɗauki 18.5 a matsayin misali na saman birni, da 21.5 na ƙauyen da ba fitila. Tazarar taki uku ce, ninki 16 ke nan. Hoton da zai ci sa'a 20 a ƙauye zai ci sa'a 320 a kan benen birni. Ko da an sami mai haƙurin, akwai matsala ta biyu wadda ta fi ta farko muni. Hasken birni ba shimfiɗe yake daidai ba: ya fi ƙarfi ta wajen kasuwa, yana sauyawa idan aka kawo wuta ko aka ɗauke, yana sauyawa idan maƙwabci ya kunna fitilar ƙofa. Mai neman abin da ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na hasken saman dole ya cire wannan shimfiɗa ba tare da kuskuren da ya kai wannan kashin ba. Duk abin da ya rage bayan cirewar zai yi kama da jela, kuma ido yana son ganin abin da ya zo nema.

Wannan gargaɗi bai tsaya ga birni ba. Hoton galaksin NGC 5907 na 2008 ya shahara da jela mai zagaye biyu. A 2019 Pieter van Dokkum da ayarinsa suka sake kallonta da Dragonfly, na'urar da aka haɗa da tarin ruwan tabarau na Canon irin na masu hoton wasanni, suka sami jela ɗaya mai lanƙwasa, zagaye na biyu bai fito ba. Daga wurare masu duhu aka ɗauki duka hotunan biyu. Idan ƙwararru za su saɓa a can, to da'awar jelar taurari daga Sabo ba ta cancanci a karɓe ta ba sai wani ya tabbatar daga wani wuri da wata na'ura.

Matata da abin da take tacewa

Hasken taurari ya bazu a dukkan launuka, fitilun LED da suka cika tituna da shaguna su ma haka. Babu matatar da za ta raba su. Tsofaffin fitilun sodiyom masu ruwan ɗorawa sun fi sauƙin tacewa, amma zamaninsu yana wucewa.

Iska mai haske dabam take. Oksijin da ya rasa lantarki biyu yana fitar da haske a nanomita 500.7, haidirojin a 656.3. Matata mai faɗin nanomita 3 tana barin wannan siririn layi ya wuce kusan dukansa, ta tare sauran. Tun da faɗin hasken da ido ke gani ya kai nanomita 300, hasken birni yana raguwa wajen sau ɗari. Saman birni mai 18.5 a bayan irin wannan matata ta fi saman ƙauye marar matata duhu. Ba a ce birni ya kamo ƙauye ba, don mai matata a ƙauye har yanzu yana gaba, amma aikin ya fito daga sahun abin da ba ya yiwuwa. Bakan oksijin na gefen Andromeda da irin wannan matata aka gano shi, da madubi mai faɗin santimita goma da 'yan kai, bayan sama da sa'a ɗari na tara haske. Masana suna muhawara ko na Andromeda ne ko kuwa yana cikin galaksinmu ya faɗo kan layin kallo kawai. Jajayen ɗigon haidirojin a hannuwan Andromeda da na galaksin M33, inda sababbin taurari ke haihuwa, sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da su ya kamata mai farawa a Sabo ya fara.

Taga tsakanin damina da hazo

Ibadan tana samun ruwan da ya haura milimita 1,200 a shekara, daga Maris ko Afrilu har Oktoba, kuma ko a ɗan hutun Agusta gajimare ba ya barin sama. Wannan ya cinye lokacin M83 da Centaurus A da tsakiyar galaksinmu, waɗanda suke hawa da daren watannin bazara da damina. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya kawo hazo, wanda kaso mai yawa nasa yake tasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Mutane kan ɗauka daren hunturu shi ne daren kallo saboda ba hadari. A birni ba haka ba ne. Ƙura tana rage hasken tauraro kafin ya iso, sannan tana dawo da hasken fitilu ƙasa, ta ci ta gaba ta ci ta baya. Tashar auna ƙurar sama da ke Ilori, wadda take aiki tun 1998, tana nuna yadda iskar wannan yanki take yin kauri a waɗannan watanni.

Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, galibi Nuwamba. Abin farin ciki shi ne daidai lokacin Andromeda ke nan. A tsakiyar Nuwamba tana kai ƙololuwarta wajen ƙarfe goma saura na dare, kuma tana sama da digiri 30 daga lokacin da duhu ya kammala, wajen bakwai da rabi, har ɗaya da rabi. Sa'a shida ke nan a dare. Sai a cire dararen farin wata, wanda mutumin Sabo ba ya bukatar manhaja ta gaya masa: daga 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga mai kamawa. Dare goma, in duk sun yi kyau, sa'a 60. Ba za su yi kyau duka ba. Mutum ɗaya da madubi ɗaya zai bukaci shekara biyu ko uku kafin ya cika sa'a ɗari.

Tarayya

Kwamfuta ba ta tambayar wane ne ya ɗauki hoto. Muddin an nufi wuri ɗaya da matata iri ɗaya, kuma kowa ya ɗauki hotunan gyaran na'urarsa da gaskiya, hotunan mutum biyar suna haɗuwa kamar na mutum ɗaya. Drechsler a Jamus yake, abokansa biyu a Faransa. A nan ne nake ganin Sabo tana da abin da masu sha'awa a wasu wurare suke wahalar ginawa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, kuma abin da Cohen ya bayyana shi ne tsarin da ya iya tura shi ɗaruruwan mil zuwa hannun wanda ba a gani, a jira kuɗi bisa amana. Da wuya ka sami gida a Sabo da ba shi da ɗan'uwa a ƙauyen Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Taswirar hasken dare ta Fabio Falchi ta 2016, wadda ta nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa ganin farar hanyar taurari daga gidajensu, ta sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsafta, kuma yawancin Sahel duhu ne a taswirar. Damina ma tana ɗaukewa da wuri a can, tun Satumba ko farkon Oktoba, wanda ya tsawaita tagar Andromeda da wata guda ko fiye.

Rabon aikin da lissafin nan ya nuna shi ne: matata da iska mai haske a benen Sabo, inda ake da intanet da masu gyaran kwamfuta, hasken taurari marar matata a ƙauyen Arewa, inda sa'a ɗaya take daidai da sha shida, haɗa hotunan a wuri ɗaya. Kuɗin kayan ba kaɗan ba ne, ƙafa mai inji ita kaɗai takan fi kyamara tsada, amma unguwar da ta san adashi ta san yadda ake mallakar abin da ya fi aljihun mutum ɗaya.

Akwai kuma aikin da ba ya cin ko sisi. Binciken Christopher Kyba na 2023 a mujallar Science, wanda ya gano cewa hasken saman dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara tsakanin 2011 da 2022, ya dogara ne kan rahoto 51,351 na mutanen da suka ƙirga taurari da idonsu a shirin Globe at Night, mafi yawansu daga Turai da Amurka ta Arewa. Afirka ta Yamma kusan babu ita a ciki. Matasan da suke hawa bene duban jinjirin watan azumi za su iya tsayawa sa'a ɗaya bayan magariba a ƙarshen kowane wata, su rubuta tauraro mafi dusashewa da suka gani, da ko akwai wuta a unguwa a daren, da ko hazo ya sauka. Shekara biyu na wannan rubutu za ta maye gurbin 18.5 ɗin da aka ara a nan da adadin Sabo na kanta, rabe tsakanin daren wuta da daren duhu.