Gyaran launin tsofaffin hotuna: abin da ya rage wa iyalan Khartoum da Omdurman

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, cikinsu har da Hausawan Sudan. Da yawa ba su tsira da komai na tarihin gidansu ba sai 'yan hotunan biki da na suna, waɗanda launinsu ya koɗe. Ana iya farfaɗo da irin waɗannan hotuna da manhajar kwamfuta ko ta waya.

Gyaran launi ba sabon abu ba ne a Sudan. Rashid Mahdi, mai ɗaukar hoto na Atbara da ya rasu a 2008, da hannu yake shafa wa hotunansa launi. Gadalla Gubara kuwa ya kafa Studio Gad a Khartoum a 1974, kuma cibiyar Arsenal ta Berlin ta mayar da finafinansa cikin kwamfuta. Shirin Sudan Memory, tare da King's College London, ya kwafe ɗimbin hotuna da takardu kafin yaƙin.

Me ke sa hoto ya koɗe? Takardar hoton kala tana ɗauke da rini iri uku: rawaya, ja mai ratsin shunayya, da shuɗi mai ratsin kore. Ba tare suke mutuwa ba. Zafi yana gaggauta lalacewarsu, kuma a Khartoum yakan haura digiri 40 a watan Mayu. Idan shuɗin ya riga gushewa, sai hoton ya rine ya yi ja.

Matakin farko shi ne kwafar hoton da na'urar sikana, a adana kwafin asali ba tare da an taɓa shi ba. Tsarin TIFF ya fi JPEG, domin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi.

Daga nan sai a buɗe wani kwafin a Photoshop, ko GIMP da ake samu kyauta, ko Snapseed a waya. A nemi wani abu da aka tabbata fari ne, kamar jallabiya ko rawani, a nuna wa manhajar. Da shi za ta daidaita sauran launukan. Sai a gyara haske da duhu, waɗanda ake aunawa daga 0 zuwa 255, da kayan aikin da a sigar Faransanci ake kira Niveaux da Courbes. Ƙarfin launi shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan ake ƙarawa.

Fata ce ma'aunin aikin. Idan an cika haske, baƙin mutum yakan koma toka-toka, har jikokinsa su kasa gane shi. Manhajojin da ke sa wa hoto mai baƙi da fari launi da kansu kuwa, cinta kawai suke yi: ba su san kalar lafayar da kaka ta yafa ba.

Ga hoton labarai, iyakar ta fi tsauri. A 2015 gasar World Press Photo ta kori kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima. Hoton da zai iya zama shaidar gida, gado ko ɓarnar yaƙi, a riƙa ajiye asalinsa kusa da wanda aka gyara.