Gardamar kofaton doki da ta haifi fim

Idan doki ya saki jiki yana sukuwa, shin akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duka ke barin ƙasa, ya zama a iska yake ɗungurungum? Yi wa mahaya goma wannan tambaya, na tabbata sai ka tashi da amsa iri biyu da musu mai zafi, domin abin ya fi ƙiftawar ido sauri. To mai karatu, wannan gardama da za ka ɗauka ta 'yan zaman kashe wando ce, ita ce ta share wa sana'ar fim hanya. Kuma tun a wancan lokaci aka fara rigimar da har gobe ba ta mutu ba a tsakanin 'yan fim, wato wane ne mai aiki, wanda ya zuba kuɗi ko wanda ya riƙe kyamara?

Mai kuɗin a nan shi ne Leland Stanford, tsohon gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific. Attajiri ne na gani-kashe-ni, kuma Allah ya jarrabe shi da son dawakin tsere. Shi yana cikin masu cewa doki na tashi sama gaba ɗaya, sai dai ba shi da hujjar da zai nuna. An sha yaɗa labarin wai caca ya yi ta dala 25,000 a kan maganar, amma masu bin diddigi ba su sami wata shaida a kan haka ba. Abin da ya tabbata shi ne a 1872 ya nemi wani mai ɗaukar hoto ya ɗaukar masa dokinsa mai suna Occident yana cikin gudu.

Mai hoton, Eadweard Muybridge, Baturen Ingila ne, an haife shi a garin Kingston a 1830. Da sayar da littattafai ya fara neman abinci a Amurka. A 1860 keken dokin da ya shiga ya yi mummunan haɗari a Texas, ya bugu a ka, waɗanda suka san shi kuma suka ce tun daga nan halinsa ya sauya, ya zama mai saurin hasala. Ya koma gida jinya, da ya dawo San Francisco a 1867 sai ga shi da sabuwar sana'a, ya kuwa yi suna da hotunan duwatsu da magangarun ruwa na kwarin Yosemite.

Kada ka kwatanta hoton wancan zamani da na yau. Babu fim na naɗi, balle kati. Farantin gilashi ake shafa wa sinadari a cikin duhu, a sa shi a kyamara yana jiƙe, a ɗauka, a wanke kafin ya bushe. Wanda za a ɗauka sai ya ƙame kamar gunki na 'yan daƙiƙoƙi, in ya motsa hoto ya ɓaci. Yanzu da irin wannan kayan aiki ne aka ce a tsayar da doki mai gudu! Gwajin farko inuwa-inuwa kawai ya bayar.

Ana cikin haka sai aiki ya tsaya cak, saboda dalilin da ko marubucin littafin soyayya zai ji nauyin ƙirƙirarsa. A watan Oktoba na 1874 Muybridge ya gano cewa matarsa Flora tana hulɗa da wani mai suna Harry Larkyns, har yana zargin jaririn da ta haifa ba nasa ba ne. Ya bi mutumin har inda yake, ya harbe shi har lahira. A farkon 1875 aka gurfanar da shi, lauyoyinsa suka kawo batun buguwar da ya yi a ka, masu taya alƙali yanke hukunci suka yi watsi da batun taɓin hankali, amma duk da haka suka sallame shi, wai yana da hujjar abin da ya yi. Rai guda ya tafi a banza kenan, shi kuwa ya kwashi kyamarorinsa ya nufi Panama da Guatemala har ƙura ta lafa.

Sai a watan Yuni na 1878 aka kai gaci, a gonar dawakin Stanford da ke Palo Alto. Lokacin bazararsu ne, rana fayau, ga shi kuma gilashin nan ba ya kama abu mai sauri sai da haske mai ƙarfi, hunturun Kalifoniya kuwa lokacin ruwa ne da gajimare. Aka jera kyamarori 12 a cikin wata doguwar rumfa, aka kafa farin bango a ɗaya gefen mai layuka da lambobi, aka barbaɗa farar ƙasa a hanyar don ta ƙara haske. Injiniyoyin kamfanin jirgin ƙasan Stanford, musamman John Isaacs, suka taimaka wajen haɗa marfin kyamara mai aiki da lantarki, wanda ke buɗewa ya rufe cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce dokin ne ke ɗaukar kansa da kansa: an gicciya zarurruka a hanya, kowane zare na haɗe da kyamara guda, yana wucewa yana tsinka su ɗaya bayan ɗaya. An gayyato 'yan jarida su gani da idonsu don kada a ce siddabaru ne. Wata goɗiya mai suna Sallie Gardner ce hotunanta suka fi shahara.

Stanford ya yi gaskiya, doki na barin ƙasa. Amma abin da ya girgiza mutane shi ne yadda yake barin ta. Shekaru aru-aru masu zane suna zana doki mai sukuwa da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya. Hotunan suka nuna cewa lokacin da yake a iska ƙafafun a dunƙule suke a ƙarƙashin cikinsa. Wasu masu zanen suka ce sam, hoton ne ya yi muni, su nasu ya fi kama da doki.

A 1879 aka ninka kyamarorin zuwa 24. (Wannan ba shi da alaƙa da hotuna 24 a daƙiƙa da ake amfani da su a fim, wancan ƙa'ida sai da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da ita.) A shekarar ce kuma Muybridge ya ƙera wata na'ura da ya kira zoopraxiscope, kakar majigi ke nan. Ana kwaikwayon hotunan da fenti a gefen wani faifan gilashi, a juya shi a gaban fitila, sai ga doki na gudu a jikin bango. Mutanen San Francisco sun kalla a 1880, na Faris a 1881, a watan Maris na 1882 kuma ya nuna a Landan, har Yariman Wales na cikin 'yan kallo.

Yana tsakiyar shan wannan yabo ne aka yi masa sakiyar da ba ruwa. Stanford ya ɗauki nauyin buga littafi mai suna The Horse in Motion, aka sa sunan abokinsa, likita J.D.B. Stillman, a matsayin marubuci. Sunan Muybridge bai fito a shafin take ba, a ciki ma an ambace shi ne kamar wani ɗan ƙwadago da aka ɗauka haya. Ƙungiyar masana ta Royal Society, wadda ta nemi ya gabatar mata da maƙala, ta janye, domin a ganinta yana neman cin gumin wani ne. Ya kai ƙara, ya sha ƙasa. A gaskiya kowannensu na da abin faɗa: tambayar ta Stanford ce, dawakin nasa ne, kuɗin nasa ne, injiniyoyin ma nasa ne. Amma ni a ganina cire sunan mutumin da ya shekara da shekaru yana fama da gilashi da sinadari zalunci ne tsagwaronsa. Duk daraktan da ya taɓa duba fosta ya ga sunan furodusa da manyan baƙaƙe, nasa kuwa sai an sa tabarau, ya san irin wannan ciwo.

Jami'a ce ta share masa hawaye. Daga 1884 Jami'ar Pennsylvania da ke Filadelfiya ta ba shi fili da kuɗi, ya kafa wurin ɗaukar hoto a sararin harabarta. Ɗalibai 'yan wasannin motsa jiki suka riƙa zuwa ana ɗaukar su suna gudu, suna tsalle, suna kokawa, yawancinsu ba kaya a jikinsu don a ga aikin tsoka. Ya ɗauki marasa lafiya daga asibiti, ya ɗauki namun daji a gidan zu na birnin. Hotuna sama da 100,000 ya tara, aka tace aka fitar da shafuka 781 a 1887 da sunan Animal Locomotion, a wannan karon kam da sunansa ɓaro-ɓaro.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. A watan Fabrairu na 1888 ya gana da Thomas Edison, wanda daga baya kamfaninsa ya fito da akwatin leƙe mai nuna hoto mai motsi. A shekarar ce George Eastman ya fito da kyamarar Kodak, a 1900 kuma Brownie ta dala ɗaya ta fito, hoto ya fita daga hannun ƙwararru ya shiga hannun 'yan makaranta da masu sha'awa. Ranar 28 ga Disamba, 1895, 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka nuna fim ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a Faris. Muybridge ya rasu a garinsu a 1904. Dabararsa dai ba ta bi shi ba, domin wurin nan a The Matrix na 1999 da jarumin ke kauce wa harsashi kyamara na zagaya shi, da jerin kyamarorin hoto fiye da 100 aka ɗauke shi.

Gonar dawakin fa? Ɗan Stanford ɗaya tilo ya rasu a Italiya a 1884 da zazzaɓin taifot yana ɗan shekara 15. Iyayen suka mayar da gonar jami'a don tunawa da shi, aka buɗe ta a 1891. Ita ce Jami'ar Stanford, wadda har yau ɗalibanta ke yi wa laƙabi da "Gona". Tsohuwar jar bargar tana nan a harabar, ɗalibai na zuwa wurin koyon hawa.

Akwai wanda ya fi Muybridge asarar suna. A shafi na 626 na Animal Locomotion akwai wani baƙar fata a kan doki yana sukuwa, hoton da Jordan Peele ya gina fim ɗinsa Nope a kansa a 2022. An rubuta sunan dabbar, Annie G., amma ba a rubuta na mahayin ba.