Direba da fasinja a binciken cutar daji

Kafin 2003, mu masu kwamfuta 'yan rakiya ne a binciken cutar daji. Masanin halitta ne mai gwaji, kai kuwa a miƙo maka bayanai ka tace, sunanka ya maƙale can tsakiyar jerin marubuta. Ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya ake bi. Da madubin ƙara girma Janet Rowley ta gano a 1973 cewa kromosom na 9 da na 22 suna musayar guntaye a wani nau'in kansar jini, hanyar da ta kai ga maganin Gleevec a 2001.

Da aka kammala karanta DNA na ɗan Adam a 2003, sai lissafi ya canza. A 2008 Jami'ar Washington ta St. Louis ta karanta dukan DNA na kansar jinin wata mara lafiya, shirin TCGA na Amurka kuma ya tattara samfuran mutane fiye da 11,000 a nau'o'in daji 33.

Nan aikin ya zama namu. Ƙari guda yakan ɗauki dubban sauye-sauye a DNA ɗinsa, amma kaɗan ne direbobi masu tura cutar, sauran fasinjoji ne. Hanyoyin lissafinmu na farko sun ruɗe mu ƙwarai: a kansar huhu, sai ga ƙwayoyin gadon jin ƙamshi da ta tsoka mai suna titin a sahun waɗanda ake zargi! A 2013 Michael Lawrence da Gad Getz na Cibiyar Broad suka nuna dalili. Sauyi ba ya sauka daidai a ko'ina; yankunan da ba a cika amfani da su ba, ko ake kwafa a makare, sun fi tara shi. A ganina wannan gyaran ya ceci fagen daga shekaru na bin inuwa. A shekarar dai, Ludmil Alexandrov da Mike Stratton na Cibiyar Sanger suka nuna cewa fasinjojin ma suna ɗauke da sawun abin da ya haddasa su, hayaƙin taba ko hasken rana.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne yawancin samfuran na Turawa ne. Idan aka karanta ƙarin ɗan Afirka ba tare da lafiyayyen samfurinsa ba, kwamfuta takan ɗauki bambancin da ya gada a matsayin sauyin cuta. Shi ya sa nake bin aikin Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na Ibadan kan kansar mama sau da ƙafa.