Daga Cron Zuwa CrowdStrike: Yadda Na'ura Ta Karɓi Gadin Sabar

A shekarun 1970, mai kula da sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗibar bayanai daga gare ta, kusan komai da hannu yake yi. Sauƙin farko daga tsarin aikin kwamfuta na Unix ya zo, da wata 'yar manhaja mai suna cron. Layi guda za ka rubuta mata, ka ce ƙarfe biyu na dare ta share tsofaffin fayiloli, kai kuma ka tafi ka kwanta. Paul Vixie ya sake rubuta ta a 1987, kuma har gobe tana aiki. Sai dai cron ba ta waiwaye. Ta cika umarni, ba ruwanta da ko aikin ya yi kyau.

A ganina, babban sauyin a 1993 ya faru, lokacin da Mark Burgess ya fito da CFEngine a Jami'ar Oslo. Maimakon ka jero wa na'ura matakai, sai ka bayyana mata yadda kake son sabar ta kasance: wannan fayil shugaba kaɗai zai taɓa shi, waccan manhaja kada ta mutu. Ita kuwa ta dinga zagayawa kamar makiyayi, abin da ya kauce ta maido shi. A kan wannan turba Puppet ta biyo a 2005, Chef a 2009, Ansible a 2012, har mutum ɗaya ya iya riƙe sabar dubu.

Duk da haka, sakaci bai ƙare ba. A watan Maris na 2017 aka fitar da facin wata kafar tsaro a manhajar Apache Struts, kamfanin Equifax na Amurka bai liƙa shi kan lokaci ba, masu kutse suka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147. Abin takaici ne, don maganin yana nan a ajiye.

Gaggawa ma ta yi nata ta'adin. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura gurɓataccen sabuntawa kai tsaye, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka. Da yawan kwamfutocin sai da ma'aikaci ya zauna gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge gurɓataccen fayil ɗin da hannu. Daga baya kamfanin ya yi alkawarin riƙa gwada sabuntawa kan na'urori kaɗan kafin ya sake wa sauran.