Kasuwar Tsoro: Tashi da Faɗuwar Manhajojin Tsaro na Bogi

Daga wajen shekarar 2005 zuwa 2011 wata sana'a ta bunƙasa a kan kwamfutocin gida masu Windows, musamman a Amurka da Turai. Mutum yana cikin karatu a intanet sai allo ya cika da jan rubutu, wai an gano manhajojin leƙen asiri barkatai a kwamfutarsa, kuma ba za su fita ba sai ya biya kamar dala 40. Babu binciken da aka yi, manhajar da ke kururuwar ita ce cutar. Dabarar bokan nan ce mai binne laya a ƙofar gida da dare, ya dawo da safe ya tono ta a biya shi. SpySheriff da WinFixer da XP Antivirus duk 'yan gida ɗaya ne a wannan sana'a, kuma tarihinsu ya nuna cewa toshe hanyar kuɗi ne ya karya kasuwar, gogewa daga kwamfuta ba ta taɓa karya ta ba.

Gogewar kuwa jan aiki ce. Da zarar manhajar ta zauna sai ta kulle Task Manager, ta hana buɗe shafukan kamfanonin tsaro, ta mayar da hoton bangon allo takardar gargaɗi. Mai gyara sai ya kunna kwamfutar ta Safe Mode, ya ɗauko manhajar tsaro ta Malwarebytes a filashi daga wata kwamfutar, wani lokaci har ya sauya wa fayil ɗin suna, domin ta bogin tana kashe duk wadda ta gane sunanta. An yi nasara ba kaɗan ba: a Nuwamban 2008 Microsoft ya share irin waɗannan manhajoji daga kwamfutoci kusan miliyan ɗaya. Amma a Afrilun 2010 binciken Google ya nuna su ne kashi 15 cikin ɗari na miyagun manhajojin da ya gano a shafukan intanet. Ana gogewa, masu su suna sake suna da launi, dillalai kuma suna karɓar la'ada kan abin da suka shigar.

Lagon sana'ar yana wajen biya, domin ba ta tafiya sai da katin banki. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara sun gano ƙungiyoyi uku da suka tara fiye da dala miliyan 130, kuma, abin mamaki, sukan mayar wa wasu masu ƙorafi kuɗinsu don kada ƙorafi ya yi yawan da banki zai rufe musu asusu. A Disambar 2008 hukumar FTC ta Amurka ta sa kotu ta dakatar da Innovative Marketing, kamfanin da ke da ofis a Kiyef, wanda ya yaudari sama da mutum miliyan ɗaya. A Yunin 2011 FBI ta tarwatsa wata ƙungiya da ta ci dala miliyan 72, kuma a watan ne aka kama shugaban ChronoPay, kamfanin da ɗan jarida Brian Krebs ya danganta da karɓar kuɗin wannan harka, a Mosko kan wata tuhuma daban. Daga nan kasuwar ta yi sanyi.

Wani zai ce tsaro kyauta ne ya kashe ta, tunda Microsoft ya fito da Security Essentials a 2009, ya kuma haɗa Defender cikin Windows 8 a 2012. Sun taimaka, sai dai a 2010 an kwaikwayi Security Essentials ɗin kansa an damfari mutane da sunansa, kuma faɗuwar ta riga Windows 8 zuwa. Wani kuma zai ce mutane ne suka waye. Da haka ne, da Reveton bai ci kasuwa a 2012 ba, lokacin da ya riƙa kulle allo da sunan 'yan sanda yana karɓar tara ta katunan Ukash da MoneyPak, waɗanda ba a iya dawo da kuɗin da aka biya da su. Da aka samu hanyar karɓa wadda banki ba ya iya tsayarwa, sana'ar ta dawo da sabon salo. A Satumban 2013 CryptoLocker ya bayyana yana karɓar bitcoin, kuma ko an goge shi daga kwamfuta, fayilolin mai ita suna nan a kulle.