Daga Zabirar Wanzami zuwa Ƙofar Asibiti: Ciwon Haƙori a Briqueterie

Sa'ad da Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a daɗe ba fatake Hausawa suka biyo hanyar Adamawa da hajojinsu. Daga baya suka tare a unguwar da ƙabilar Ewondo ke kira Ekoudou, wadda ta samu sunan Briqueterie daga wurin gasa tubali. Duk zangon da Bahaushe ya kafa, da malami da mahauci da wanzami yake tafe. Aikin wanzami kuwa bai tsaya ga aski da ƙaho da kaciya ba. Shi ke yin sakiya, shi ke cire haƙorin da ya hana mutum barci, bayan kanumfari da ruwan gishiri sun kasa. Babban asibitin Yawunde sai a 1933 aka buɗe shi, saboda haka shekaru da dama zabira ce asibitin unguwa.

Abin da wancan zamani ya bar wa mutane gado shi ne auna ciwon haƙori da zafinsa: in ya yi zogi a nemi magani, in ya lafa a ce an warke. Wannan ma'auni ne ke yaudara. Haƙorin da ya ruɓe yakan daina ciwo idan jijiyarsa ta mutu, alhali ƙwayoyin cuta na nan suna tara mugunya a saiwarsa. Daga turamen ƙasa mugunyar kan gangara ƙarƙashin harshe da haɓa har ta matse hanyar numfashi, cutar da likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana tun 1836, wadda ta kashe mutane da yawa kafin penisilin ya yaɗu a shekarun 1940. Don haka abin dubawa shi ne kumburi da inda ya nufa. Idan ya sauka wuya ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ko numfashi ya gagara, to ba a jiran wayewar gari. Haka jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori, da haƙorin babba da ya fita a haɗarin babur: a riƙe shi ta kai, a saka cikin madara, a kai wa likita cikin awa guda, domin yana iya komawa gurbinsa.

Wani zai ce ai kakanni da wanzami suka rayu, kuma ga zuriyarsu ta cika Briqueterie. Gaskiya ne, amma waɗanda suka tsira ne suka ba da labari. Wanda kumburi ya shaƙe, iska ko sammu aka ɗora wa alhakin mutuwarsa. Wanzami ya iya abin da ido ke gani da wanda hannu ke kaiwa, mugunyar da ta shige cikin wuya kuwa ta wuce tsawon askarsa. Wani kuma zai kawo kukan kuɗi, tunda a Kamaru majinyaci ne ke biyan yawancin kuɗin magani daga aljihunsa. Wannan kuka na da nauyi, sai dai cire haƙori guda bai kai kuɗin tiyata da kwanakin gado ba, kuma ƙwayoyin da ake saye a bakin titi suna kwantar da zogi ne kawai, tushen cutar na nan.

Yau mai tallan magani ya gaji kujerar wanzami, don shi ne mafi kusa kuma mafi araha. Amma bambancin zamanin nan da na fatake a fili yake: su sun haƙura da zabira ne domin babu wata ƙofa, mazaunin Briqueterie na yau kuwa tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsa da babban asibiti. Abin da ya rage masa shi ne sanin daren da ba a kwana da kumburi a gida.